Uban gida ɗaya, kamfanoni huɗu: wa zai ci fansho a Tasawa da Mayahi?

Shawarar da hukumomin Nijar suka yanke ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047, adadin da ya tsaya a kai tun shekarar 2012, zuwa sefa 42,000, ta dawo da wata tsohuwar tambaya: ma'aikaci nawa ne wannan doka za ta iske? Ƙarin albashi da kuɗin fansho duka suna bin sunan da ke rubuce ne a rajista. Wanda ba a rubuta ba, ko shekara talatin ya yi yana ɗora buhu a mangaza, a idon asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, bai taɓa yin aikin kwana ɗaya ba.

A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi tambayar ta fi zafi. Ƙidayar 2012 ta ba Tasawa mutum sama da dubu 515, ta ba Mayahi sama da dubu 557, kuma mafi rinjayensu manoma ne da makiyaya waɗanda ba su da albashin wata. Ƴan albashin da ake da su, in aka cire ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji, a hannun ƴan kasuwa suke: gidajen mai na bakin babbar hanya mai lamba 1 da ta ratsa Tasawa tsakanin Maraɗi da Damagaram, motocin ɗaukar kaya, mangazun gero da wake da gyaɗa, gidajen burodi, makarantu da ɗakunan shan magani masu zaman kansu. Sau da yawa mutum ɗaya ko gida ɗaya ne ke riƙe da uku ko huɗu daga cikin waɗannan sana'o'i, kowace da sunanta da takardunta. A nan ne ake samun ƙofar da ma'aikata da yawa ke zurarewa daga fansho.

Abin da doka ta tanada

An kafa CNSS a 1965, aka buɗe reshen fansho a 1967. Ma'aikatan gwamnati na dindindin suna da nasu asusun daban, CARENI, wanda aka kafa a 2012. Duk sauran masu aikin albashi da dokar ƙwadago ta 25 ga Satumban 2012 ta shafa, wajibi ne mai aiki ya rubuta su a CNSS, ko mutum ɗaya ne yake yi masa aiki.

Lissafin zubin a fili yake. Ana cire kashi 5.25 cikin 100 daga albashin ma'aikaci. Mai aiki yana ƙara kashi 16.4: kashi 6.25 na fansho, kashi 8.4 na tallafin iyali, kashi 1.75 na haɗarin aiki. Ana tsayar da lissafin a kan albashin sefa 500,000 a wata, abin da ya haura wannan ba a zuba masa komai. Shekarun ritaya 60 ne. Yawan fansho ya dogara da watannin da aka yi ana zubi da kuma albashin da aka bayyana a shekarun ƙarshe na aiki. Wanda watanninsa ba su cika ba, kuɗi ake ba shi dunƙule sau ɗaya, shi ke nan. In mai fansho ya rasu, matansa da marayunsa suna da rabo.

Direban da ke karɓar jika 60 a wata, ke nan za a cire masa sefa 3,150, uban gidansa ya ƙara sefa 9,840. A kan ma'aikata goma masu irin wannan albashi, mai aiki zai fitar da sefa 98,400 kowane wata, sama da miliyan ɗaya da dubu 180 a shekara. Ɗan kasuwar da ke ƙirga ribarsa a kan kowane buhu ya san nauyin wannan adadi, kuma shi ne tushen duk dabarun kauce wa rajista.

Yadda ake raba gida ɗaya

A ɗauki misalin wani attajiri mai sana'o'i huɗu: gidan mai a Tasawa, kamfanin sufuri, mangazar hatsi a Mayahi da gidan burodi. A ce mutum 40 ne ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Huɗu manya ne, shi da ɗansa da ƙanensa da mai riƙe lissafin kuɗi. Sauran 36 ɗin direbobi ne da karnukan mota, masu zuba mai, masu gadi, masu awo da masu kwaɓa fulawa.

Gidan mai ba ya ɓoyuwa. Yana buƙatar lasisi, yana hulɗa da banki, kuma in yana son sayar wa ma'aikatun gwamnati mai, dole ya nuna takardar shaidar biyan haraji da ta CNSS, domin dokar kwangilolin gwamnati tana neman su. Saboda haka ana rubuta manyan nan huɗu a gidan mai, tare da masu zuba mai da mai gadi, mutum shida. Mai binciken CNSS in ya zo, zai tarar da mutum goma a wurin, goma a takarda. Babu laifi. Kamfanin sufuri kuwa da sunan ɗa aka yi masa rajistar kasuwanci, mangaza da sunan ƙane, gidan burodi da sunan uwargida. Kowannensu a takarda ƙaramar sana'a ce ta mutum ɗaya, mutum 30 da ke cikinsu kuma sunansu "yaran gida".

Rabon yana da wata riba ga mai dukiya. Dokar ƙwadago ta wajabta zaɓen wakilan ma'aikata a wurin da ke da sama da mutum goma. In aka yanka gida ɗaya gida huɗu, da wuya wani yanki ya haura goma a takarda, ma'aikata kuma su rasa bakin da zai yi magana a madadinsu. Haka nan kuɗin sallama da na tafiya ritaya, waɗanda yarjejeniyar ƙwadago ta tanada, ana lissafa su ne da daɗewar mutum a kamfani. Yaron da ya yi shekara bakwai a mangaza, aka mayar da shi mota ya yi takwas, aka dawo da shi gidan mai ya yi biyar, uban gida ɗaya ya yi wa aikin shekara ashirin. A takarda kuwa biyar ɗin ƙarshe kaɗai za a gani.

Awon da Amurka ta ƙirƙiro

Wannan dabara ba a Maraɗi aka fara ta ba. A Amurka kamfani ba dole ba ne ya buɗe wa ma'aikatansa asusun fansho na ƙari, amma in ya buɗe, gwamnati tana yi masa rangwamen haraji mai tsoka. Tun 1942 dokar ƙasar ta gindaya sharaɗi cewa rangwamen ba zai samu ba in asusun ya fifita masu kamfani da manyan ma'aikata. Masu kamfanoni suka amsa da raba kansu: manya a kamfani ɗaya mai fansho, ƙanana a wani kamfani marar komai.

Dokar ERISA, wadda shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu ranar 2 ga Satumban 1974, ta toshe wannan ƙofa. Ta ce duk kamfanonin da ke ƙarƙashin iko ɗaya, a wajen awon fansho mai aiki ɗaya ne. Iko ɗaya yana tabbata ta hanya biyu. Ta farko, kamfani uwa ya mallaki aƙalla kashi 80 na wani kamfani. Ta biyu, mutum biyar ko ƙasa da haka su mallaki aƙalla kashi 80 na kowane ɗaya daga cikin kamfanonin, kuma rabon da suka yi tarayya a kansa a dukkansu ya haura kashi 50. Dokar ba ta tsaya a kan sunan da ke takarda ba. A yanayi da dama hannun jarin mata ana ƙirga shi na miji, na ƙaramin yaro na mahaifinsa.

Duk da haka wasu suka sami wata kafa. A ƙarshen shekarun 1970 wasu likitoci, Kiddie da Garland, suka yi nasara a kotun haraji bayan sun ajiye ma'aikatansu a wata haɗaka da ba su mallaki fiye da rabinta ba, su kuma suka keɓe wa kansu fansho. Majalisar dokoki ta mayar da martani a 1980, ta ƙara doka cewa kamfanonin da ke yi wa juna hidima a kai a kai su ma ana iya haɗa su wuri ɗaya, ko mallakar ba ta kai kashi 80 ba.

Awon kansa mai sauƙi ne. Ana raba ma'aikata gida biyu. Manya su ne masu sama da kashi 5 na kamfani ko masu albashin da ya haura wani adadi, dala 160,000 a shekarar 2025. Saura ƙanana ne. Sai a duba kashi nawa na manya ke cikin asusun, kashi nawa na ƙanana ke ciki. Rabon ƙanana dole ya kai aƙalla kashi 70 na rabon manya. Kamfanin da ya faɗi, ko ya shigar da waɗanda ya bari a baya, ko ya rasa rangwamen haraji.

In aka ɗora wannan ma'auni a kan misalin Tasawa, bambancin ya fito sarari. Gidan mai shi kaɗai: manya huɗu cikin huɗu, ƙanana shida cikin shida, ya ci jarrabawa ɗari bisa ɗari. Gidan gaba ɗaya: ƙanana shida cikin 36, wato ƙasa da kashi 17. Kafin ya kai kashi 70 sai an rubuta mutum 26. Ma'aikatan ba su canza ba, albashinsu bai canza ba. Abin da ya canza kawai shi ne iyakar da mai bincike ya shata wa kalmar "mai aiki".

Faransa da Najeriya

Faransa, wadda dokar ƙwadagon Nijar ta samo asali daga tata, ta isa wannan matsaya ta hanyar alƙalai. Tun daga 1970 kotun ƙolin ƙasar ta fara yanke hukunci cewa kamfanonin da ke da shugabanci ɗaya, sana'o'i masu taimakon juna da ma'aikatan da ake juyawa a tsakaninsu, ƙungiya ɗaya ce ta fuskar tattalin arziki da ƙwadago, ko da kowanne yana da rajistarsa. Dokar 1982 ta tabbatar da hakan. A can ma fanshon ƙari ba ya samun sassaucin zubi sai in ya game dukkan ma'aikata ko wani rukuni da aka fayyace bisa ma'auni na gaskiya, ba mutanen da mai kamfani ya zaɓa da son ransa ba.

Najeriya, wadda ƙaramar hukumar Hawandawaki ta gundumar Tasawa ke kusa da iyakarta, ta bi wata hanyar. Dokar fanshonta ta 2014 ta ɗora zubin kashi 10 a kan mai aiki da kashi 8 a kan ma'aikaci, ta kuma ambaci kamfanoni masu ma'aikata 15 zuwa sama. Duk inda doka ta sa adadi irin wannan, ta nuna wa mai son zamewa inda zai tsaya. A watan Maris na 2019 hukumar PenCom ta buɗe ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu, inda mutum ke zuba abin da ya samu lokacin da ya samu.

Nijar ba ta rasa kayan aiki ba

A takarda dokar Nijar ta fi ta Amurka tsauri, domin ba kashi 70 take nema ba, kowa da kowa take nema. Rauninta yana wajen bincike. CNSS tana bin lambar mai aiki ne ɗaya bayan ɗaya, kuma takardar shaidar da take bayarwa ta wannan lamba ce kaɗai. Kamfanin da aka wanke domin kwangila yana iya zama tsaf, ƴan uwansa uku na bayan gida babu wanda ya leƙa su.

Ma'anar rukunin kamfanoni kuwa tana nan a dokar da Nijar ke aiki da ita. Dokar kamfanoni ta OHADA, wadda aka sabunta a Wagadugu ranar 30 ga Janairun 2014, ta bayyana rukuni a matsayin kamfanonin da alaƙarsu ta ba ɗaya damar juya sauran, ta kuma ɗauka cewa wanda ke riƙe da sama da rabin ƙuri'u, kai tsaye ko ta hannun wani, shi ke da iko. Ficewar Nijar daga CEDEAO a watan Janairun 2025 ba ta taɓa wannan doka ba. Sai dai an rubuta ta ne domin masu hannun jari da masu bin bashi, ba domin direba ko mai gadi ba. Kuma yawancin sana'o'in Tasawa da Mayahi ba kamfanonin hannun jari ba ne, rajistar mutum ɗaya ce, babu ƙuri'ar da za a ƙirga. A irin wannan wuri ma'aunin Faransa, wanda ke tambayar wa ke ba da umarni da wa ke biyan albashi, ya fi na Amurka dacewa.

Akwai kuma maganar gaba. Tunda zubin CNSS ya tsaya a kan sefa 500,000, manyan ma'aikata ne ke da dalilin neman fanshon ƙari a kamfanonin inshora. Yayin da wannan kasuwa ke girma, tambayar da Amurka ta yi a 1942 za ta iso Yamai: kamfani zai iya rage harajinsa da kuɗin da ya zuba wa manya huɗu, alhali ƙananan ma'aikatan gidan ko fanshon tushe ba su da shi?

Hujjar masu dukiya

Ba daidai ba ne a ɗauki kowane ɗan kasuwa a matsayin mai zamba. Tsarin uban gida da bara, wanda masanin Faransa Emmanuel Grégoire ya yi wa nazari a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, yana da nasa fanshon. Uban gida yakan aurar da yaronsa, ya biya masa asibiti, ya ba shi hatsi lokacin bazara, wani ya kai shi Makka, a ƙarshe ya ba shi jari ya kama gabansa. Attajirai da dama a jihar ta haka suka tashi. Ga mai irin wannan tunani, zubin CNSS haraji ne na biyu a kan nauyin da ya riga ya ɗauka.

Raba sana'o'i da sunayen ƴaƴa da ƙanne ma ba kullum ne dabarar gudu ba. Hanya ce ta koya wa yaro kasuwa da kuma rage rigimar gado. Aikin kansa na lokaci ne: mangaza tana cika da ma'aikata daga kaka zuwa tsakiyar rani, da damina kowa ya koma gona, wasu su tafi cin rani Najeriya, Agadas ko Libiya. Rufe iyakar Najeriya daga bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 zuwa watan Maris na 2024, da faɗuwar darajar naira, sun girgiza kasuwancin jihar. Su kansu ma'aikata da yawa sun fi son jika uku a hannu yau da alkawarin shekara 60, balle wanda ba shi da takardar haihuwa da za a buɗe masa fayil da ita.

Amma fanshon uban gida yana da aibi ɗaya babba: yana mutuwa tare da uban gida. Ranar da aka raba gado, mata da ƴaƴa kowa ya san rabonsa, direban da ya yi shekara 25 a gidan ba ya cikin magada. In kasuwa ta karye ma haka ne. Alheri ne da ba a iya kai ƙararsa gaban kowa. In kuma mota ta kife da karen mota a hanyar Mayahi zuwa Cadawa, kashi 1.75 na haɗarin aiki da ba a zuba ba shi ne tazarar da ke tsakanin iyalinsa da bara.

Abin da za a iya yi

Mataki na farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: takardar shaidar CNSS ta koma ta gida gaba ɗaya. Duk mai neman kwangilar gwamnati, ta ƙaramar hukuma ko ta ƙungiyar agaji, ya lissafa sauran sana'o'in da yake juyawa, da kansa ko ta hannun iyalinsa, kuma kada a ba shi takarda sai an duba su duka. Kwangila gata ce daga dukiyar jama'a, kamar yadda rangwamen haraji yake a Amurka, don haka sharaɗi a kanta ba zalunci ba ne.

Na biyu, a haɗa rajistoci uku da ke zaune kowace a ofishinta: ta kasuwanci a kotu, lambar haraji ta NIF, da lambar mai aiki ta CNSS. Mai mota biyar da ya bayyana cewa ba shi da direba ko ɗaya, kwamfuta ma za ta gane shi.

Na uku, a bi da hankali. In aka ce mutum 30 su shiga rajista rana ɗaya, tare da tarar shekarun baya, abin da zai biyo baya kora ce. Ma'auni mai hawa a hankali, misali rabin ma'aikatan gida a shekarar farko har a kai ga duka, tare da yafe tara ga wanda ya kawo kansa, ya fi kusa da abin da kasuwar Tasawa za ta iya ɗauka. Ma'aikatan kaka kuma suna buƙatar zubin da ke bin watannin aikinsu, wanda za a iya biya ta wayar salula.

Na huɗu, shekarun aiki su bi mutum a cikin gida ɗaya, ko sau nawa aka sauya masa wuri. Wannan gyara ne da gwamnati, ƙungiyar masu kamfanoni da manyan ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN za su iya yi a teburin yarjejeniya. Kuma tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, babu dalilin da zai hana ma'aikaci a Kanembakashe ko Urafan samun bayanin zubinsa cikin harshen da yake ji.

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, abin da ke sa maganar tsufa ta yi kama da ta nesa. Amma fansho ba a fara shi ranar da ƙarfi ya ƙare, da safe ake kama fara. Matashin da ya hau bayan mota a Tasawa bana yana da shekara 20, a shekarun 2060 zai nemi haƙƙinsa, kuma watannin da za a ƙirga masa su ne waɗanda ake rubutawa, ko ake ƙin rubutawa, a yanzu. Asusun kansa yana buƙatarsa, domin zubin masu aiki na yau ne ke biyan tsofaffin yau. Muddin mai bincike yana ƙirga kamfanoni huɗu a inda kowa a gari ya san uban gida ɗaya ne, mutum shida za su ci gaba da wanke sunan gidan, talatin kuma su tsufa babu komai a hannu.